Rubuta wasiyya ba kiran mutuwa ba ne

Ranar addu'ar bakwai ta baffana, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Issawane cikin Mayahi, ko tabarmi ba a naɗe ba aka raba gonakinsa. Ya bar mata guda da ɗiya mata ukku, ba namiji. Matar na cikin ɗaki tana takaba, ƴan'uwansa kuma suna ƙarƙashin bedi suna cewa "mace ba ta gadon gona". Ina wurin zaune da karatuna da wayata, ban ce uffan ba. Wanga shirun yana ci mani rai har yau.

To mu yi lissafi. A shari'ar da muke tinƙaho da ita, tunda iyayensa sun riga shi rasuwa, in an kasa dukiyar kashi 24, ɗiyan nan ukku suna da 16, matar tana da 3, ƴan'uwa su raba 5 da suka rage. Aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i ba su ware gona daga gado ba. Amma masu kashi 5 suka kwashe 24, suka bar wa marayu kwanoni da akuya biyu. Bayan wata guda wani ya fito ya ce gonar fadama sayenta ya yi, alhali kowa ya san jingina ce. Ba takarda, kuma shaidu biyun sun rasu.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma ba wawaye ba ne. Za su ce ƙasa ta ƙare a Maradi, daga Tasawa har Mayahi gona na manne da gona, in aka yi ta tsaga gandu ba wanda zai ci. Za su ce mace aure za ta yi, gona ta koma gidan wasu. Gaskiya ne ƙasa ta yi kaɗan. Amma don me duk lokacin da ta yi kaɗan mace ake fara korewa? Da, mace na da gamana da take nomawa. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna tun 2006 yadda matan karkarar Maradi ke rasa gonaki sakamakon wanga matsi. In tsoron tsaga gona ake, a bar ta a haɗe, a rubuta kason kowa, a ba marayu rabonsu na damman hatsi kowace kaka. Ko a sayi kasonsu da farashin gaskiya. Ƙwace dai sunansa ƙwace, aya ta 10 ta wannan sura kuma ta faɗi makomar mai cin dukiyar maraya.

Yanzu gare mu, ƴan birni. Mu ne ke aika kuɗin taki da na buhun hatsi daga Maradi, Yamai da Damagaram, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa zama da tsoho mun ce "Baba, mu rubuta" ba. Wai kunya, wai kar a ce muna jiran mutuwarsa, wai wasiyya abin nasara ne. Haba! Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya hori mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa ba.

Ku gane, wasiyya ba ta canza rabon da Allah ya yi. Ba ta wuce kashi ɗaya cikin ukku, kuma ba a yi wa magaji ita. Amma takarda na iya faɗin gonaki nawa ne, ina iyakarsu, wace ce aro, wace ce jingina, wa ke bin bashi, wa ake bi, kuma wane amintacce ne zai riƙe dukiyar yara har su girma. Uba na iya ba ɗiyarsa gona kyauta yana da rai da lafiya, muddin ta karɓa ta fara aiki da ita kafin ya rasu. Yana iya yin waƙafi, kamar yadda Sayyadina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara: ba a sayarwa, ba a gada, amfanin kawai ake ci.

Hanyar hukuma ma tana nan. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kawo hukumomin filaye, waɗanda ake kira COFO, kuma yau akwai su tun daga ƙauye har ƙaramar hukuma. Suna ba da takardar shaidar mallaka, ta kyauta, ta aro, ta jingina da ta saye. Kotunanmu kuma da al'adar masu ƙara suke hukunci a kan gado, ke nan wanda ya zo hannu banza bakin dattawa kawai zai dogara da shi. Mun ga yadda bakin nan ke juyawa.

Don haka in kun tafi gida sallar nan, kada ku tsaya ga ɗaukar hoto. Ku zauna da tsoho, ku kira liman da mai gari, ku zaga gonaki, a rubuta, da boko ko da ajami, a sa hannu, a kai COFO, ku ajiye hoton takardar a waya. Ku sa iyaye mata da ƴan'uwa mata su ji da kunnensu. Wanda ya ce kuna kiran mutuwa, ku tambaye shi ko ta taɓa jiran gayyata.

Babbar ɗiyar baffana yanzu aikatau take a Maradi, tana auna tiya daga gero irin wanda gonar ubanta ke bayarwa. Duk lokacin da muka haɗu ta ce mani "yaya, ina wuni", ƙasa nake kallo.