Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa

Manomin rake a Maƙarfi ba ya raba amfaninsa kyauta don wani kamfani ya biya shi ladan tara jama'a. Haka mai tumatir a Ikara. To, don me muke son mai shirya fim ya rayu a kan wannan tsari?

Tun da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, Kannywood ta yi ƙaura zuwa YouTube, musamman daga 2020 da Izzar So ya fito. Ƙa'idar gidan sananniya ce: sai tasha ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 kafin ta fara cin kuɗin talla, sannan ta karɓi kashi 55 cikin ɗari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mai talla yana yi wa kowane ɗan kallo farashi gwargwadon nauyin aljihunsa. Abin da zai biya a kan mutumin Amurka ya ninka abin da zai biya a kan matashin Hunkuyi a Kudan sau da yawa. Saboda haka ɗan fim ɗinmu sai ya tara dubban ɗaruruwa kafin ya mayar da kuɗin kyamara.

Nan ɓarnar take. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda yawan kallo ke ciyar da shi zai ja labarin wata guda ya kai shekara, ya sa take na ƙarya, ya ƙirƙiro rigima, domin hayaniya ta fi hikima saurin tara mutane.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin rajista. Amma wa ke kallo kyauta? Kullum muna sayen data, muna biya a gidan kallon ƙwallo ba gardama. Marubuta mata da ke sayar da littattafansu ta WhatsApp sun nuna cewa Bahaushe yana biya idan farashi ya yi sauƙi, hanyar biya kuma ba wuya. Northflix ma a kan wannan ta ginu. Babbar barazanar ita ce mai saye ɗaya da ke tura wa mutum hamsin.

Masu dandali su yanka farashi ƙanana, na mako ko na fim ɗaya. Mu kuwa mu biya, mu daina turawa. Wanda ya biya ne yake da bakin cewa a gyara.