Ƙofar da Ba Ta Amsa Sallama

Wata ranar Litinin cikin hunturu na baro Kakau da sassafe, jakar kwamfuta a bayana, na shiga motar haya ta Gonin Gora zuwa cikin garin Kaduna. Ƙarfe goma za a yi mini ganawar neman aiki ta intanet, gidanmu kuwa kwana uku ke nan ba mu ga wuta ba. Saboda irin wannan rana nake biyan kuɗin wata a ɗaya daga cikin wuraren aikin haɗaka, inda matasa ke hayar kujera da tebur da wuta da intanet. Na isa tara saura kwata, na ɗora babban yatsana a kan na'urar da ke jikin ƙofa. Ta yi ƙara, ta nuna ja. Ashe kuɗin watana ya ƙare tun sha biyun dare. Nan take na tura kuɗin ta waya, banki ya cire, amma saƙon bai isa wurinsu ba.

Maigadin dattijo ne, wata huɗu muna gaisawa kullum. Na ce, "Baba, ga shaida a wayata, a taimaka a buɗe mini." Ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce, "Yarona, ka yi haƙuri. Tun ranar da aka kawo ta aka karɓe mabuɗi a hannuna." A bencin mai shayi na yi ganawar, ƙarar janaretan maƙwabta tana cinye rabin maganata. Ban samu aikin ba. Ba zan ɗora wa ƙofa laifin duka ba, amma tun daga ranar nake da ƙorafi a kanta, kuma ƙorafin ya wuce kaina.

Ba na adawa da wuraren nan. Tun da Sanusi Ismaila ya buɗe CoLab a Barnawa a 2016, wasu kuma suka biyo baya, matashin Kaduna da ya iya rubuta manhaja ko zane ya samu inda zai zauna ya yi wa mutumin Legas ko na Ingila aiki ba tare da ya bar garinsu ba. Wurin da abin ya same ni ɗaya ne daga cikin na baya-bayan nan, ba kuma zan kama sunansa ba. Abin da nake ja da shi wata aƙida ce da ta shiga kan masu irin waɗannan wurare: wai ƙofar da ke karanta yatsa, ta rubuta shigarka da fitarka, ta kulle kanta da zarar kuɗinka ya ƙare, ita ce tsaro kuma ita ce ci gaba.

Hujjarsu na san ta, ba kuma ta banza ba ce. Kwamfuta ɗaya a cikin ɗakin ta fi kuɗin hayar shekara ta wasunmu. Man janareta da batiran sola da kuɗin intanet ba sa jiran kowa, kuma akwai masu zuwa su zauna mako guda da alkawarin gobe. Ga halin da hanyarmu ta shiga: mu da ke zaune a bakin titin Abuja mun san abin da ya sa matafiya suka guje shi suka koma jirgin ƙasa, mun kuma san abin da ya sami jirgin a daren 28 ga Maris, 2022. Da aka dawo da zirga-zirga a Disambar shekarar, sai da lambar NIN ake sayar da tikiti. Wanda ya rayu cikin wannan ba zai yi wa mai son sanin wanda ke shigo masa gida dariya ba.

To, amma a tambayi na'urar me ta sani. Ta san an biya ko ba a biya ba, shi ke nan. Ɓarawon da ya biya kuɗin yini za ta buɗe masa, ta kuma bar mutum uku su bi bayansa kafin ƙofar ta rufe, domin ba ta da ido. Maigadin da aka raba da mabuɗi shi ne ya san wanda ya shigo da jaka ɗaya yake neman fita da biyu. Saboda haka a kira abin da sunansa: mai karɓar kuɗi ne aka liƙa a bango, aka sa masa rigar ɗan sanda.

Ko a aikin da aka saye ta dominsa, na'urar ba ta san ƙasar da take ba. Irin waɗannan ƙofofi galibi maganaɗisu ke riƙe su, shi kuwa sai da wuta yake kamawa. In wuta ta ɗauke, batir ya mutu, ƙofa ta saki, kowa ya shiga. Wani nau'in makullin kuma akasin haka ne: in babu wuta sai ya ƙame a kulle, kuma in mai haɗawa ya yi rowar maɓallin gaggawa, mutum talatin na ciki ranar gobara sai dai Allah ya kyauta. Mai wurin da ya sayi ɗaya daga cikin biyun, ya san wanne ya saya? A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse sadarwar waya a wasu sassan jihar nan saboda 'yan bindiga, har kusan wata biyu. Ƙofar da ke jiran saƙon banki ko lambar sirri ta waya kafin ta buɗe, an ƙera ta ne don wata ƙasa dabam.

Shi ma yatsan ba abin dogaro ba ne. A zaɓen 28 ga Maris, 2015, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke, duniya tana kallo. In haka ta faru da shi, ina ga wanda hunturu ya tsattsage wa fata, ko wanda ke taya mahaifinsa noma a Kakau ranar Asabar ya zo rubuta manhaja ranar Litinin? Hannun da ya yi aikin ƙarfi shi na'urar ta fi ƙi, kuma mai wannan hannun shi ya fi buƙatar kujerar.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne abin da muke bari a jikin ƙofar. Mabuɗi in ya ɓata a canza kwaɗo, lambar sirri in ta fita a sake wata. Zanen yatsa ba shi da canji har kabari. Da shi muka yi BVN, da shi muka yi NIN, da shi muka yi katin zaɓe, sai ga shi muna miƙa shi don hayar kujera ta wata guda, ba tare da tambayar inda ake ajiye shi ba. Haɗe da shi akwai kundin da ke nuna ƙarfe nawa wance take zuwa, ƙarfe nawa take tashi, waɗanne ranaku take kaiwa dare. A garin da masu garkuwa da mutane ke sayen labari, wannan kundi kaya ne mai tsada. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta lissafa bayanan jikin mutum irin su zanen yatsa cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta ce kada a tattara fiye da abin da buƙata ta kama, ta kuma ba mutum 'yancin neman a goge nasa. Kati mai lamba yana buɗe ƙofa kamar yadda yatsa ke buɗewa. Me ya kai mai hayar kujeru ga ajiyar abin da ko banki ke ɗauka da tsoro?

Za a ce ina kukan tsohon zamani. Ni kuwa gani nake mu muka riga kowa sanin wannan sana'a. Zauren Bahaushe wurin aikin haɗaka ne tun kafin a raɗa masa suna: maɗinki a gefe, mai saƙar hula a gefe, malam da almajiransa a ciki, baƙo ya yi sallama a amsa, a san daga ina ya fito. Birane ma suna da ƙofofi, Ƙofar Doka a Zariya, Ƙofar Mata a Kano, a da ana rufe su da dare, amma kowace da sarkin ƙofarta, mutum mai kunne da za a yi wa bayani. Tsaro bai taɓa hana a ajiye wanda zai saurari uzuri ba.

A Kaduna wannan magana tana da wani nauyi na daban. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya zama iyaka, jama'a suka tattara kaya kowa ya koma ɓangaren da yake jin zai yi barci. Mu da muka taso bayan haka mun saba a tsayar da mu a tambayi sunanmu kafin a yanke shawara a kanmu. Ɗakunan aikin nan suna cikin 'yan wuraren da ɗan Rigasa da 'yar Sabon Tasha ke zama tebur ɗaya su ari cajar juna. Wurin da ya samu wannan baiwa bai kamata abin da zai fara tarar mutum da shi ya zama wani shingen bincike ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kwangila: a ba da kati a bar mana yatsunmu, a ɗaga wa wanda kuɗinsa ya ƙare ƙafa ko na kwana biyu, a liƙa a bango abin da ake ajiyewa da ranar goge shi, a gwada maɓallin gaggawa a gaban jama'a, a mayar wa maigadi mabuɗinsa.

Da na daina zuwa wurin, na koma na nemi a goge yatsana daga na'urar. Budurwar da ke karɓar baƙi ta saurare ni cikin ladabi, ta kira manaja. Manaja ya ce kamfanin da ya haɗa musu ita yana Legas, su sun iya saka mutum ne kawai, amma zai tambaya. Ya karɓi lambata. Wata bakwai ke nan.