Ba 'Yan Gasa Kaɗai Ke Shan Ƙwayar Damtse Ba

Jama'a, an daɗe ana raina mana hankali a kan maganin kumbura damtse, wanda likitoci ke kira anabolik sitiroyid. Duk ran da aka kama wani gwanin gudu sai a buga ganga, a ƙwace lambarsa, kowa ya koma barci. Haka aka yi wa Ben Johnson na Kanada a gasar Olimfik ta 1988. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ga lissafi. A 2014 masana na Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway suka tara bincike 187 daga sassan duniya. Suka tarar mutum 3 cikin 100 sun taɓa amfani da shi. Cikin maza abin ya zarce 6, cikin mata bai kai 2 ba. Ƙasashen Gabas ta Tsakiya suka fi kowa, fiye da 21. Abin da ya fi tada mana hankali shi ne, masu motsa jiki don sha'awa kawai sun fi 'yan gasa sha: 18 cikin 100, su kuwa 13. Watau yaran da ba mai gwada fitsarinsu, ba kuma likitan da ke duba su.

Me maganin ke yi? Kwaikwayon sinadarin mazantaka yake yi. Jiki in ya ga an kawo masa daga waje sai ya daina yin nasa. Maraina su ƙanƙance, haihuwa ta yi wuya, nono ya fito wa namiji, hanta da zuciya su jigata. Mace kuwa murya ta yi kauri, gemu ya tsiro. Ashe ƙato ne a riga, raggo a ɗaka!

Kada a ce manya ba su sani ba. Gwamnatin Jamus ta Gabas da kanta ta ɗura wa dubban 'yan wasanta Oral-Turinabol, har da 'yan mata ƙanana, ana ce musu bitamin ne. Da aka yi shari'a a 2000, shugaban wasanninta Manfred Ewald ɗaurin wata 22 aka yanke masa, shi ma na jeka-ka-gyara-halinka.

Muna tambayar mahukunta: in ana da kuɗin gwada zakara ɗaya, ina kuɗin tura likita gidajen ɗaga ƙarfe? Ku kuma 'yan'uwanmu masu kantin magani, yaro in ya zo neman allurar damtse ba takardar likita, ku mayar masa da kuɗinsa.