Sharhi: Aikin da ya dace da ma'aikacin jinya mai ƙaro karatu a Amurka

A shekarar 1965 ne Loretta Ford da Dakta Henry Silver suka buɗe shirin farko na horar da ma'aikatan jinya masu duba marasa lafiya a Jami'ar Colorado. A yau, masu wannan matsayi da ake kira NP a taƙaice suna gano cuta, su tura mutum gwaji, su rubuta magani, kuma a fiye da rabin jihohin Amurka ba sa buƙatar kulawar likita.

Batun ya shafi 'yan Najeriya, ganin cewa a 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta ƙasa ta ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku. Wasu daga cikinsu Amurka suka nufa, inda wannan karatu yake buɗe ƙofar ƙarin matsayi da albashi.

Sai dai karatun na digiri na biyu ne ko na uku, kuma ɗalibi zai yi aƙalla sa'o'i 500 yana koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararre, galibi ba da biya ba. Ƙa'idojin da aka sabunta a 2022 sun ɗaga adadin zuwa 750. Yawancin waɗannan sa'o'i da rana ake yin su, daga Litinin zuwa Juma'a.

Wannan ne ya sa aikin ƙaramin asibiti na kwana biyar a mako, duk da sauƙinsa, yake cin karo da karatun. Aikin babban asibiti na sa'o'i 12 sau uku a mako yana barin kwana huɗu, amma gajiyarsa ba kaɗan ba ce, musamman ga mai aikin dare.

Aikin wucin gadi da ake biya bisa kwanakin da aka yi yana ba mutum damar tsara lokacinsa, sai dai yawanci babu inshorar lafiya a ciki. Haka kuma mai shi kan rasa tallafin karatu daga ma'aikata, wanda dokar Amurka ta yafe wa haraji har dala 5,250 a shekara. Tallafin ma yakan zo da sharaɗin ci gaba da aiki a wurin bayan kammalawa.

Fannin da aka zaɓa shi ma abin dubawa ne. Makarantu da dama suna neman mai son kula da marasa lafiyar da ke cikin mawuyacin hali ya fara aiki a irin wannan sashe na shekara ɗaya ko biyu.

Ga wanda kamfanin ɗaukar ma'aikata ya kai shi ƙasar, kwantiraginsa na iya hana shi rage sa'o'i ko sauya wuri ba tare da biyan tara ba. Saboda haka, ya dace ya karanta kwantiragin da kyau, ya kuma tambayi makaranta ko ita ce za ta samo masa wurin koyon aiki, kafin ya biya kuɗin rajista.