A Kawo Gardamar Fim Cikin Aji

Malaman makaranta, yau da ku nake. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya fim a jihar Kano, waɗansu malaman addini suka ce zai ɓata tarbiyya, aka fasa. Yaran da kuke koya wa wasan kwaikwayo suna jin irin wannan gardama a gida, amma a aji shiru. Don me? A ganina ku raba su biyu, kowane sashe ya kawo hujjarsa cikin ladabi. Sa'an nan ku tuna musu da tashe: ga yara na kwaikwayon gwauro cikin azumi, dattawa na dariya, har su ba su kyauta. To, ina bambancinsa da fim? Yaron da ya ce akwai, ya tashi ya faɗa, a saurare shi.