Martani: Dala ba tsaunin Rif ba ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce wiwi ganye ne kamar kowane ganye, kuma tunda Lesotho ta ba da lasisin nomansa a 2017, Maroko ta halatta shi don magani a 2021, Kano ma ta bi sahu. Wannan magana ba ta da tushe.

Ƙasa ce take rainon iri. A tsaunukan Hindu Kush na Afghanistan, sanyi da gajeren lokacin noma ne suka tace iri gajere, mai saurin nuna, mai yawan danƙo. Lesotho kuwa ko kwarinta ya haura mita 1,000 daga teku. Kano ba ta kai rabin haka ba sai ka hau Dala ko Goron Dutse.

Ka dubi abin da ya sami tsaunin Rif na Maroko. 'Yan kasuwa sun shigo da irin da aka auratar a Turai, ya danne beldiya, irin gargajiyar yankin. Sabon ya fi bugarwa, ya fi shan ruwa, yana ƙarar da maɓuɓɓugai. Irin da aka tace don ya bugar, ta yaya za ka kira shi ganyen kakanni?

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya miliyan 10.6. 'Ya'yanmu na cikin badala suna cikinsu, Malam. Wuraren jinya da sana'a suke buƙata, a kansu ya kamata alƙalaminka ya tsaya.