Sauya sararin sama a hoto: shaidar da ake gogewa da yatsa ɗaya

A watan Oktoban 2020 kamfanin Adobe ya ƙara wa manhajar Photoshop wata dabara da ke cire sararin saman da ke cikin hoto ta sa wani cikin 'yan daƙiƙu. A da sai gwani ya zauna yana bin gefen kowane ganye da rufin gida. Yanzu abin ya sauko waya: tun 2023 Pixel 8 ta Google ke yin sa.

Idan hoton biki ne ko na tallar atamfa, ba wanda zai ce uffan. Matsalar tana ga hoton labari, domin sama shaida ce. Masu tantance gaskiyar labarai kan duba gajimare da hazo da inuwa, su gwada da ranar da aka ce an ɗauki hoton. Wanda aka ce na Janairu ne a Kano, alhali ga hadari ya haɗu babu ƙurar hunturu, ya tona asirin kansa. Da an sauya saman, wannan shaidar ta tafi.

A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye hotuna 920 na Adnan Hajj, bayan an gano ya ƙara hayaƙi a saman birnin Beirut lokacin yaƙin Isra'ila da Hizbullah. Aikin nasa ne bai yi kyau ba, curin hayaƙin yana ta maimaita kansa, har masu kallo a intanet suka lura. Manhajojin yau kuwa har hasken ƙasa suke daidaitawa da sabon saman, irin wannan tabon ba ya fitowa.